Dakta da Tanar Uwar Biyu

An yi wani mutum da ake kira Dakta. Bai taɓa duba mara lafiya ba, ko akuya bai taɓa yi wa allura ba. Abin da ya faru shi ne, ya yi shekara goma sha tara, ko ashirin da ɗaya, lissafin ya shige mini, yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar binciken noma. Ranar da ya yi ritaya aka bar masa farar rigar aikinsa, mai aljihu uku da tabon shayi a ƙirji. Tun daga ranar rigar nan ba ta sake hutawa ba. Da ita yake zuwa sayen burodi, da ita yake zuwa dubiya asibiti, har sau biyu masu jinya suna tashi su ba shi kujera. In ya buɗe baki kuwa sai ka ji, "Lokacin da muke bincike..." Kwalaben da ya wanke su ne shaidunsa, su kuwa ba sa magana.

Ilimin da ya fito da shi daga wurin guda ɗaya ne tak, amma ya riƙe shi da hannu biyu: a wanke, a tafasa, a shanya. Duk abin da ke motsi a cikin kwalba ƙazanta ne.

Bayan gidajen unguwarsu akwai wani lambu na haɗin gwiwa, tsakanin katangar makaranta da magudanar ruwa, an raba shi fangali-fangali, kowane gida da nasa. Fangalin da ya fi kowanne kyau na matar Dakta ne, wadda ake kira Uwar Biyu. Shekara bakwai tana zuba masa ɓawon kayan miya da busasshen ganye da kashin kaji, har ƙasar ta koma baƙa wuluk, ta yi laushi kamar soso. In ka sa hannu ka damƙo, sai tana ta yi ta wutsil-wutsil a tsakanin yatsunka. Uwar Biyu ma'aikatanta take ce musu. Ta ce su ke huɗa mata ƙasa, ba hutu, ba surutu, ba farar riga.

Dama da ita fangalin Mai Aski ne, wanda ƙasarsa ta bushe ƙamas, in ka sari wurin da fartanya sai ta dawo ta gaishe ka a goshi. Shi da Dakta ba sa ga maciji tun ranar da Dakta ya zauna a kujerar aski ya koya masa yadda ake riƙe almakashi. Hagu kuma fangalin Gwaggo ne, wata tsohuwa mai nauyin kunne, wadda ke riƙe da mabuɗin ƙofar lambun.

A shekarar da nake ba da labari, gwazarma ta sauka a lambun. Farar tsutsar nan ce mai ƙiba, mai jan kai, wadda ke kwanciya a ƙarƙashin ƙasa tana cin saiwa. Da safe ka ga kabejinka yana murmushi, da yamma ya kwanta, ka ja shi ya biyo hannunka ba saiwa ko ɗaya. Da abin ya yi yawa sai aka kai kuka, aka turo musu wata malamar gona, yarinya mai natsuwa, da jaka da shebur da ƙananan kofuna na roba.

Ta tara masu lambu a inuwar katanga, ta ɗaga wata 'yar leda mai ɗauke da koren gari.

Ta ce, "Wannan ba guba ba ce. Fumfuna ce, mai rai. In ta taɓa jikin gwazarma sai ta tsiro a kanta, ta kashe ta."

Dakta ya gyara wuyan riga. "Na san ta. Mun yi aiki tare."

Mai Aski ya ce, "Ai dole ka san ta, shekara ashirin kana kankare ta daga gindin kwalba. Ita ma ritaya ta yi?"

Aka yi dariya. Malama ta ci gaba. Cokali ɗaya a butar ban-ruwa, da yamma in rana ta yi sanyi, bayan kowane kwana bakwai. Kada a bar garin a rana, rana kashe shi take yi. Za a gwada a fangali biyu, a bar na uku ba magani domin kwatance, bayan mako huɗu ta dawo da manyan baƙi su ga sakamako. Gwaggo ta ba da nata. Mai Aski ya ce a bar nasa ba magani, ai ya saba. Kafin Uwar Biyu ta buɗe baki, Dakta ya ba da nata, ya ba da kansa a matsayin mai kula.

Daga nan Malama ta zo kan zancen da ya fi muhimmanci. Ta ce abin da suke son sani shi ne, ko fumfunar tana taɓa ƙananan halittun ƙasa, tana da ƙadandoniya da 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke ruɓar da ganye. Shi ya sa za ta binne kofuna daidai da fuskar ƙasa, masu yawo su faɗa ciki a ƙirga su, za ta kuma haƙa cikin shebur guda a ƙirga tana, yau da kuma bayan mako huɗu. In lissafin bai ragu ba, magani ya yi kyau.

Kowa ya ji wannan bayani. Har Gwaggo ta ji, don ido ta zuba wa bakin yarinyar. Mutum ɗaya ne bai ji ba, saboda a daidai lokacin ya juya baya yana ba wani direba labarin ranar da ya gyara wa wani farfesa kuskure. Sai da aka fara ƙirga ya juyo.

Malama ta ce, "Fangalin Gwaggo, tana goma sha bakwai. Fangalin Mai Aski, biyu."

Gwaggo ta ce, "Ɗayar ma a duba, kamar ta rasu."

"Fangalin Uwar Biyu, arba'in da ɗaya!"

Jama'a suka ce kai! Uwar Biyu ta sunkuyar da kai don jin daɗi. Dakta kuwa ya ɓata fuska. Arba'in da ɗaya! A gaban jama'a! Ashe duk lambun nan gidansa ne ya fi kowa ƙazanta, har Mai Aski ya fi shi tsabta. Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannu: a mai da ita sifiri.

Ana haka sai ga waya, 'yarsu ta haihu a wani gari, Uwar Biyu za ta je ta zauna da ita mako huɗu. Ta haɗa jaka, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Baban Biyu, cokali nawa?"

"Ke za ki koya mini awo?"

"Cokali nawa?"

"Ɗaya."

"To. Cokali ɗaya, buta ɗaya, ka dawo gida ka zauna. In na dawo na tarar ka yi mini bincike a fangali, ka ga rigar nan? A kan sanda za ta ƙare rayuwarta, tana korar tsuntsaye."

Dakta ya yi dariyar manya. Mace mai tausayin tsutsa, ina ta san kimiyya? In ta dawo ta ga manyan baƙi suna tafa masa, da kanta za ta goge rigar.

Washegari ya buɗe ledar, ya shinshina, ya murza garin da yatsa. Da ɗan danshi. Ya girgiza kai don takaicin yaran yanzu. A ɗakin bincike ko cokali ba a amfani da shi sai ya bushe ƙarau. Ya juye garin a faranti, ya sa tsani, ya ɗora a kan kwanon rumfar lambu da tsakar rana.

Gwaggo tana cire ciyawa ta ɗago kai. "Ɗan nan, yarinyar ta ce kada rana ta gani."

"Gwaggo, ke da ba kya ji, yaushe kika ji?"

"Ba na ji, shi ya sa nake saurare."

Iska ta kwashe rabin garin ta kai wa ɗaliban makaranta. Rabin da ya rage ya gasu har ya koma ruwan toka. Dakta ya ga cokali ɗaya ma raini ne ga fangali mai arba'in da ɗaya, ya juye duka a buta, ya kwarara da azahar, ya tsaya ya harɗe hannu yana jiran gwazarma ta fito ta miƙa wuya.

Da ya leƙa kofunan da aka binne sai ya ja da baya. Abubuwa suna ta motsi a ciki. Ƙadandoniya biyu, wani ɗan buzuzu, da wasu 'yan ƙwari ƙanana kamar ɗigon tawada, suna tsalle kamar ƙuma. A cikin kayan gwaji! Ya tone kofunan, ya wanke da sabulu, ya ɗauraye sau uku, ya ɗaga su a rana har suna ƙyalli, ya mayar. Daga ranar kullum da safe sai ya yi musu haka. Aikin da ya iya ke nan, kuma tsakani da Allah ba a taɓa ganin kofuna masu tsabta irin waɗannan a cikin ƙasa ba.

Kwana bakwai suka wuce. Kabejin Gwaggo ya fara ɗago kai. Na Dakta uku suka kwanta a rana ɗaya.

Mai Aski ya leƙo ta kan igiyar iyaka. "Dakta, yaya masu jiki?"

"Suna hutawa. Alamar magani ya kama ke nan."

"Haka ne. Kakana ma da magani ya kama shi haka ya kwanta, har yau yana hutawa."

Lokacin ban-ruwa na biyu ya zo, ba gari. Da wani ne, da ya kira Malama ya ce an yi kuskure. Dakta ya ce ai wanda ya san sirrin abu ba ya roƙonsa. Ya tuna ya taɓa ganin masu bincike suna renon fumfuna a kan dafaffiyar shinkafa, shi ne ma yake wanke kwalaben bayan sun gama. Ya buɗe buhun shinkafar Uwar Biyu, ya dafa babbar tukunya, ya cika kwalabe ashirin da huɗu. Iri kuma ya samo a jikin wani tsohon burodi da ya manta a bayan kabad. Ai fumfuna fumfuna ce, duk dangi ɗaya ne. Ya jera kwalaben a ƙarƙashin gado, ya rufe taga.

Kwana huɗu aka yi, abin ya tsiro. Wata baƙa, wata ruwan lemo, wata mai gashi kamar gemun bunsuru. Koriya dai ba ta samu zuwa ba. A kwana na biyar maƙwabta suka fara ɗaga katifu suna neman mushen ɓera. A na shida mai shara ya ƙi shiga layin. Shi kuwa gwano ba ya jin warin jikinsa, yana zaune a tsakiyar ɗaki yana manna wa kwalabe lamba.

Sai waya ta yi ƙara.

"Baban Biyu, me nake ji?"

"Lafiya lau. Yaya jariri?"

"An ce wani abu ya mutu a gidana."

"Ba mutuwa ba ce, rayuwa ce. Ci gaba ne."

"Ci gaban yana wari?"

"Layin ba kyau, ba na jin ki." Ya kashe wayar.

Da hantsi ya loda kwalaben a baro, ya tura zuwa lambu, mutane suna ba shi hanya da saurin da bai taɓa samu ba, har ya ji daɗin yadda aka fara sanin darajarsa. Ya zazzage ruɓaɓɓiyar shinkafar a tsakanin kabeji. Kafin ya rufe kwalba ta ƙarshe labari ya kai ga kaji. Na wane gida ne, na manta, amma sun fi talatin, suka shigo ta ƙarƙashin waya, zakara a gaba. Dakta ya bi su da shebur. Suka bi ta fangalin direba, suka fita ta na wata malamar makaranta, suka dawo ta bayansa. Yana tsaye yana haki a kan shinkafa, ashe cinnaka sun riga sun ji gayyata. Suka hau ta ƙafar wando.

Abin da ya biyo baya, Mai Aski ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin bincike mai kiɗa a jiki irin wannan ba. Dakta ya yi tsalle, ya mari cinya, ya yi juyi, ya taka kabeji biyu, amma bai cire rigar ba.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, cire rigar mana!"

"Ina bakin aiki!"

Bayan kwana biyu ya leƙa kofuna, ya kusa faɗuwa. 'Yan mitsi-mitsin ƙwarin nan, waɗanda abincinsu ke nan a duniya, ruɓaɓɓen abu da fumfuna, sun ga an yi musu shimfiɗa, sun kira 'yan'uwa. Kofuna sun cika maƙil. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Saura kwana goma sha biyu Malama ta dawo da baƙi, ga abokan gaba sun samu ƙarin runduna.

Ya wanke kofunan a fusace, ya watsar da ruwan sabulun a gindin kabeji. Jim kaɗan sai ga tana tana fitowa daga ƙasa, ɗaya, biyar, goma, suna murɗe-murɗe. Dakta ya tsaya baki buɗe. Ya gano abin da farfesoshi suka kasa ganowa. Nan take ya raɗa wa abin suna Dabarar Dakta.

Daga ranar, da Gwaggo ta buɗe ƙofa da sassafe, shi ne na farkon shiga, da bokiti biyu da sabulu. Ya kwarara, su fito, ya tsince. Ya lura kuma a baƙar ƙasar sama suka fi yawa, wato nan ne sheƙarsu, sai ya riƙa kankare ta da shebur yana cika bokiti. Gwazarma dai tana can ƙasa a gindin saiwa, ba ruwanta da sabulu, ta ma samu sarari.

Sai ina za a zubar? Dakta ya dubi igiyar iyaka, ya dubi busasshen fangalin Mai Aski, wanda a lokacin yana shago. Mai tana biyu, har da yi wa mutane dariya. To, bari a ga yadda zai ji a gaban jama'a. Ya ɗaga bokiti ya juye a ƙetaren igiya.

Da yamma Mai Aski ya zo ya ga tulin baƙar ƙasa tana motsi a fangalinsa. Gwaggo ta ja shi gefe ta yi masa raɗa, irin raɗar mai nauyin kunne da ake ji daga katanga, sai dai Dakta ya riga ya tafi. Mai Aski ya ɗauraye tanar da aka zubar masa da ruwa mai kyau, ya baje ƙasar, ya lulluɓe da busasshen ganye. Washegari ya tari Dakta a hanya, hannu a ka.

"Wayyo Dakta, na shiga uku! Tana ta mamaye ni! Ko ka san daga ina?"

Dakta ya danne murmushi. "Rashin tsabta ne. Sai haƙuri."

"In suka ƙaru ban san yadda zan yi ba. Ka taya ni addu'a kada su ƙaru."

Washegari Dakta ya kai masa bokiti huɗu.

Ranar ƙirga ta zo, Talata ce ko Laraba, an dai yi rana. Dakta ya wanke riga, ya goge ta har tana iya tsayawa da kanta, ya soke biro uku a aljihu. Malama ta iso da maigidanta na ofis, wani dattijo mai tabarau da littafi, da masu lambu daga wasu unguwanni, sun kai mutum hamsin. Dakta ya tare su tun daga ƙofa yana gaisawa da kowa, har da direban motarsu.

Aka fara da fangalin Gwaggo. Malama ta ja ƙasa a gindin kabeji, sai ga gwazarma a sandare, koriyar fumfuna ta lulluɓe ta kamar an barbaɗa mata gari. Jama'a suka matso suna kallo. Aka haƙa cikin shebur, tana goma sha takwas. Kofuna kuma da 'yan ƙwarinsu kamar na ranar farko. Mai tabarau ya gyaɗa kai, ya rubuta.

Dakta ya raɗa wa na kusa da shi, "Tsohuwa ce, a yi mata uzuri. Ta ma ƙara ɗaya."

Aka zo fangalin Mai Aski, wanda ba a sa wa magani ba. Shebur ya shige kamar a cikin man shanu. Malama ta ƙirga, ta tsaya, ta sake ƙirgawa.

"Hamsin da takwas? Daga biyu?"

Mai Aski ya ce, "Ikon Allah ne, Malama. Suna da zuciyar haihuwa."

Dakta ya kasa daurewa, ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai.

Sannan aka zo nasa. Kabeji goma sha ɗaya a kwance, shida a tsaye don kunya. Ƙasar ta yi fari-fari, tana ƙamshin sabulu. Malama ta ciro kofi na farko, ta ga fuskarta a ciki. Na biyu haka, na uku haka. Ta haƙa cikin shebur, ta warwatsa a kan buhu, ta bi da yatsa. Ba tana ko ɗaya. Ta haƙa wani wurin. Babu. Sai gwazarma uku, ɓul-ɓul, kowace kamar babban yatsa, suna miƙa.

Dakta ya ce da ƙarfi, "Sifiri! A rubuta!"

Fuskar Malama ta canza. Ta dubi mai tabarau. "Yallaɓai, daga arba'in da ɗaya. Ko ƙwaro ɗaya bai rage ba."

Mai tabarau ya cire tabarau ya goge. "In haka ne, ba ƙaramin abu ba ne. Dole a dakatar da gwajin ko'ina. Ban taɓa ganin fumfunar da ta share ƙasa haka ba. Fumfunar nan ta yi abin da ko guba ba ta yi." Ya buɗe littafi ya fara rubutu.

Dakta ya ji kamar an soke shi. Fumfuna? Shi ya yi kwana goma sha biyu a duƙe, bayansa har yanzu bai miƙe ba, cinnaka sun yi masa zane a cinya, sannan a rubuta sunan wani gari a littafi? Hausawa suka ce baki shi ke yanka wuya.

"Dakata, Yallaɓai! Wace fumfuna? Garin yarinyar nan ko ƙuda bai kashe ba, duk da na shanya shi a rana na gyara mata shi!"

Malama ta ce, "Baba, ka shanya?"

"Har sai da ya gasu! Da na ga ba shi da ƙarfi na haɗa nawa da shinkafa, kwalba ashirin da huɗu. Kofunan nan da kuke gani, ni ke wanke su kullum, sau uku-uku. Tana kuwa da hannun nan na tsince su, ɗaya bayan ɗaya, da Dabarar Dakta. A rubuta da kyau, babban harafi."

Mai tabarau ya ce a hankali, "To ina ka kai su?"

Dakta ya nuna fangalin Mai Aski da biro. "Ga su can, wurin da ya dace da su. Har da ƙazamar ƙasarsu."

Mai Aski ya dafa ƙirji. "Allah ya saka da alheri, Dakta. Shekara bakwai ina roƙon Uwar Biyu ta sam mini ko gwangwani ɗaya na ƙasar nan."

Dariyar da ta tashi, sai da malaman makaranta suka leƙo ta kan katanga. Malama ta zauna a kan bokiti, tana dariya tana share hawaye, don maganinta ya kuɓuta. Mai tabarau ya ja layi a kan abin da ya rubuta. Ya ce, "Malam, tanar ake so ta rayu. Ita ce ke gyara ƙasar. Ba a gaya maka ba?"

Gwaggo ta ce, "An gaya masa. Yana gyara wa farfesa kuskure a lokacin."

Dakta ya buɗe baki zai ce lokacin da muke bincike, sai ya lura jama'a sun daina kallonsa, bayansa suke kallo. Ya juya. Uwar Biyu ce, da jakarta a hannu, daga tasha ko gida ba ta biya ba. Ba ta dube shi ba. Ta durƙusa, ta damƙi ƙasar fangalinta, ta murza, ƙasar ta zube ta tsakanin yatsunta kamar toka. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe, ta miƙa hannu.

"Uwar Biyu, sannu da hanya. Yaya jariri?"

Hannun bai sauka ba.

"A gaban baƙi?"

"A gaban baƙi ka ba da fangalin."

Ya cire biro uku. Ya ɓalle maɓalli ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin rigar ashe wata tsohuwar singileti ce mai huji a ciki, wadda ba wanda ya taɓa gani tun da ya yi ritaya. Direba ya kawo sanda biyu, Gwaggo ta ba da igiya da tsohuwar hular kaba, kafin baƙi su kai ƙofa an kafa mutum-mutumi a tsakiyar fangali.

Saura maganar ma'aikata. Uwar Biyu ta ce yadda ya kai su haka zai dawo da su. Dakta ya ɗauki bokiti ya tsaya a bakin igiya, yana kallon ƙasa.

Mai Aski ya ce, "Ai sun saba da nan, har sun yi abokai. Amma tunda maƙwabtaka ce, ga sharaɗi. Duk ranar da ka zauna na yi maka aski daga farko har ƙarshe ba ka ce uffan ba, bokiti ɗaya."

An ce sai da aka yi zama huɗu kafin ya ci bokitin farko. Kafin ƙasar ta fara baƙi kuma, kansa ya ga reza fiye da yadda ya gani a shekara goma.

Rigar tana nan a lambun, rana ta cinye tabon shayin. Masu shigowa da safe sukan ɗaga mata hannu su ce, "Dakta, an tashi lafiya?" Gwaggo ma tana gaishe ta. Ta ce tun da ya koma kan sanda ya gyaru ƙwarai, ko me ka gaya masa yana saurare, kuma har yau tana ko ɗaya ba ta ɓata a hannunsa ba.